Yadda ake gane nau'in kaskar da ke jikin shanu da tumaki

Kaska ba iri ɗaya ba ce. An san nau'i kusan 900 a duniya, kimanin 700 masu taurin baya, sauran masu laushin jiki, amma waɗanda ke addabar shanu da tumaki a kowane yanki 'yan kaɗan ne, kuma mai kiwo ko ma'aikacin lafiyar dabbobi zai iya koyon rarrabe su. Amfanin rarrabewar a fili yake: kowace kaska da cutar da take ɗauka, da wurin da take maƙalewa, da tsawon zaman da take yi a jikin dabba. Wadda ke shafe mako uku a kan saniya ɗaya ba a tsara mata feshi irin na wadda ke sha kwana biyar ko bakwai ta sauka. Wanda bai san da wace kaska yake fama ba zai yi ta zuba magani a gadon baya alhali abin yana cikin kunne ko ƙarƙashin wutsiya.

Kayan aiki da ɗibar kaskar

Ana bukatar hantsaki mai siririn baki, safar hannu, ƙananan kwalabe masu murfi, sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, fensir da 'yar takarda, da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Idan sifirit ɗin da ke hannu mai kashi 95 ne, a auna mililita 70 a ƙara masa ruwa mai tsabta mililita 25, zai dawo kashi 70. Kada a zuba kaska cikin fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, in ana son a yi mata gwajin ƙwayar halitta daga baya, domin yana ɓata ta.

A ɗaure dabbar da kyau tukuna. Kama kaskar dab da fata, a gindin bakinta, ka ja a hankali kai tsaye ba tare da murɗawa ko fizga ba. Wannan shi ne matakin da aka fi ɓatawa. Rabin shaidar da ake nema a baki take, kaskar da bakinta ya karye ya zauna cikin fata kuwa ta zama gawa marar suna, ga kuma ƙurjin da zai iya tasowa a wurin. Masu dogon baki sukan yi gardama sosai. A riƙe da ja na ɗan lokaci, za su saki.

Kada a murƙushe kaska da yatsu. Jinin da ke cikinta kan ɗauki ƙwayoyin da ke kama mutum, musamman na zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda shanu da tumaki ke ɗauke da shi ba tare da wata alama ba, amma a jikin mutum yakan kashe tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu.

Ido yakan tafi kan manyan matan da suka ƙoshi, to amma su ne mafi ƙarancin amfani wajen ganewa, saboda kumburin ya shafe siffarsu. Nemi mazan. Ƙanana ne, shafaffu, sau da yawa suna maƙale kusa da macen ko ma a ƙarƙashinta. Ɗebi matan da ba su cika ciki ba su ma. Kowane sashen jiki da kwalbarsa: ta kunne daban, ta hantsa daban, ta ƙarƙashin wutsiya daban. Rubuta ranar, wurin, irin dabbar da sashen jikin da fensir, ka jefa takardar cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take yi a sifirit. Kaskar kada ta wuce sulusin kwalbar, in kuma akwai ƙosassun mata da yawa a sauya sifirit ɗin bayan kwana ɗaya domin jinin yana tsinka shi. Masu ado a baya a ɗauki hotonsu tun suna da rai, launin kan dusashe in sun daɗe a jiƙe.

Wuraren dubawa su ne cikin kunne da gefensa, fatar da ke lilo ƙarƙashin wuya, ƙirji, hammata, ciki, hantsa ko maraina, matsematsi, kewayen dubura, gashin ƙarshen wutsiya, da tsakanin kofato. A jikin tunkiya sai an buɗa gashi da hannu, kuma tunkiyar da ke ɗingishi ba tare da rauni ba a fara duba tsakanin kofatonta.

Tabbatar da abin da ke hannunka

Ƙirga ƙafafu. Kaskar da ta fito daga ƙwai ƙafa shida gare ta, ba ta kai milimita ɗaya ba. Bayan ta sha jini ta sake fata sai ta zama matashiya mai ƙafa takwas, marar ƙofar haihuwa a cikinta. Sakewa ta biyu ke ba da baliga. Da baligai ake aikin ganewa. Ƙananan sai ƙwararre da na'ura. Akwai wani ƙuda marar fiffike da ke zama cikin gashin tumaki, Melophagus ovinus, da ake yawan ɗauka kaska ne. Ƙafarsa shida, jikinsa ya rabu kai da ƙirji da ciki, yana yawo cikin gashi, ba ya maƙalewa wuri ɗaya. Jikin kaska dunƙule yake, ba rabe-rabe.

Sai a gane mace ko namiji. Kaska mai taurin baya tana da garkuwa a gadon bayanta. A namiji garkuwar ta rufe bayan gaba ɗaya, shi ya sa ba ya kumbura. A mace ta tsaya a gaba, kusa da kai, sauran jikin fata ce mai buɗewa. In ba garkuwa sam, fatar ta yamutse, kuma ba a hango baki daga sama, to mai laushin jiki ce, bayaninta na can ƙasa.

Baki tukuna, launi daga baya

Ɗora kaskar kan farar takarda a wuri mai haske, ka fara da baki. Sassa uku ake kallo: tsinken tsotsa mai jerin haƙora a tsakiya, 'yan yatsu biyu da ke rufe shi dama da hagu, da gindin da suke zaune a kai. In tsawon bakin ya zarce na gindinsa sosai, kana tsakanin jinsunan kaska da ake kira Amblyomma, Hyalomma da Ixodes. In gajere ne, kana tsakanin Rhipicephalus, Haemaphysalis da Dermacentor. Wannan kallo ɗaya ya raba aikin biyu.

Daga nan duba ido, wanda ke gefen garkuwa daidai ƙafa ta biyu. Ixodes da Haemaphysalis ba su da shi, sauran suna da shi. Duba gefen ƙarshen jiki ko akwai 'yan tsage-tsage da suka raba shi gida-gida. Inda suka cika, gida goma sha ɗaya ne. Ixodes ba ta da su, haka ma rukunin Boophilus, wani reshe na Rhipicephalus. A ƙosasshiyar mace tsagogin kan miƙe su ɓace, don haka rashinsu a jikinta ba shaida ba ce. Sannan juya namijin rigingine: Rhipicephalus da Hyalomma suna da alluna masu tauri a gefen dubura, Amblyomma da Dermacentor da Haemaphysalis ba su da su.

Amblyomma, mai ado

Babba ce, milimita 6 zuwa 7 tun ba ta sha ba, bakinta dogo ƙwarai, garkuwarta da zanen launi mai sheƙi, ƙafafunta da zobba farare. Mafi yaɗuwa ita ce Amblyomma variegatum, wadda ke kusan duk Afirka kudu da Sahara, da Yaman, da wasu tsibiran Karibiyan inda ta isa tare da shanun da aka kai daga Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Namijin yana da zane ruwan lemo zuwa ruwan hoda a kan baƙar garkuwa, tsagogin ƙarshensa duk masu duhu ne ba launi, idonsa kuma ya turo waje kamar ƙwayar dutsen ado. Waɗannan biyun, ido da tsagogi, su ke raba ta da Amblyomma hebraeum ta kudancin Afirka, wadda idonta shafaffe ne kuma yawancin tsagoginta farare ne. A gabashin Afirka ana haɗuwa da A. gemma da A. lepidum, su ma da tsarin zane da siffar ido ake gane su.

Baligan suna taruwa a ƙasan dabba: ƙirji, hammata, hantsa, maraina, matsematsi. Maza ke fara kamawa, su saki wani wari da ke kiran mata, shi ya sa ake ganinsu dunƙule wuri guda. Dabba uku take hawa a rayuwarta, tana sauka ƙasa bayan kowane sha. A wuraren da damina ɗaya ce a shekara, baligai da damina suke yawa, matasa kuma da rani, lokacin da ake samunsu a ƙafafu da kunnuwan tumaki. Mace ɗaya kan zuba ƙwai har kusan 20,000.

Ɓarnarta iri uku ce. Tana ɗaukar Ehrlichia ruminantium, ƙwayar da ke tara ruwa a jakar zuciya da ƙirji, dabba ta riƙa zagaye tana ɗaga ƙafa sama-sama kafin ta faɗi tana shure-shure. Tumaki da shanun da aka kawo daga wajen yankin sun fi mutuwa. Yawunta na raunana garkuwar jiki, shi ya sa kirci ke tsananta a garken da ta yi wa yawa. Sannan raunin dogon bakinta kan lalata kan nono ɗungum. A ganina saniyar tatsa mai Amblyomma goma a hantsa ta fi bukatar gaggawa a kan wadda ke ɗauke da ƙananan kaska ɗari a wuya.

Hyalomma, mai zobban ƙafa ba ado

Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, domin ita ma dogon baki gare ta da zobba a ƙafa. Bambancin a garkuwa yake: ta Hyalomma baƙa ce ko ja mai duhu, ba zane ko kaɗan, kuma namijin yana da alluna a ciki. Tsawonta milimita 5 zuwa 6, ƙafafu dogaye, tana da gudu. In ta faɗi ƙasa nan da nan take ɓacewa. Kaskar busassun wurare ce.

Hyalomma rufipes tana son kewayen dubura da ƙarƙashin wutsiya, garkuwar namijinta faffaɗa ce, cike da 'yan ramuka ko'ina. H. truncatum garkuwarta sumul take da sheƙi, ramukan sun taru a wani loɓaɓɓen wuri a ƙarshe, kuma ta fi son gashin ƙarshen wutsiya da tsakanin kofato. Ƙananan waɗannan biyun ba a jikin shanu suke ba, zomayen daji da ɓeraye da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa suke hawa, saboda haka feshin garke ba ya taɓa su. H. anatolicum, ta arewacin Afirka da Sudan da Gabas ta Tsakiya har Indiya, ta fi ƙanƙanta da haske, zobbanta ba su fito sosai ba, tana ɓuya a tsagogin bangon garke. Ita ke ɗaukar ƙwayoyin cutar zazzaɓi, Theileria annulata ga shanu da T. lestoquardi ga tumaki. Wanda ya gane ita ce, sai ya haɗa da liƙe tsagogin bango, in ba haka ba feshi kaɗai ba zai yi ba. Rarrabe matan Hyalomma nau'i-nau'i da gilashin hannu ɓata lokaci ne, ko ƙwararru kan sha wuya a kansu.

Rukunin Boophilus

A da jinsi ne mai zaman kansa, a 2003 aka mayar da shi ƙarƙashin Rhipicephalus, don haka za ka ga sunan biyu a takardun magani. Ƙanana ne, milimita 2 zuwa 3, bakinsu gajere ainun, ƙafafu sirara masu haske, ba tsagogi, ba ado. Abin da aka fi gani shi ne ƙosassun mata masu launin shuɗi-toka a wuya, kafaɗa, ƙirji da gefen ciki. Dabba ɗaya suke hawa: daga ƙyanƙyasa har balaga a jikin saniya guda, kimanin mako uku, saboda haka za ka tarar da manya da ƙanana a cakuɗe. Kaskar shanu ce, ba ta cika damuwa da tumaki ba.

Nau'i huɗu ke kan shanu a Afirka, kuma a ido tsirara duk ɗaya suke. Rarrabewa sai da na'urar ƙara girma ta ɗakin gwaji, ninki 40 zuwa 100. Ana kwantar da kaskar rigingine a ƙirga jerin haƙoran da ke kan tsinken tsotsa. R. decoloratus uku-uku gare ta a kowane ɓangare. R. microplus, R. annulatus da R. geigyi huɗu-huɗu. Cikin masu huɗun, namijin annulatus ba shi da 'yar wutsiyar nan ta ƙarshen jiki, sauran suna da ita. A gaɓar farko ta yatsan baki, decoloratus da geigyi suna da ɗan tudu mai gashi ta ciki, microplus ba ta da shi. Namijin decoloratus kuma allunan cikinsa suna da dogayen ƙayoyi da kan leƙo har bayan gefen jiki.

Wahalar ta cancanta. R. decoloratus tana ɗaukar Babesia bigemina, mai sa fitsarin jini, da Anaplasma marginale, mai sa ƙarancin jini. R. microplus tana ɗaukar waɗannan ta ƙara da Babesia bovis, wadda ta fi kisa domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Asalinta Asiya ne, ta mamaye Kudancin Amurka da kudanci da gabashin Afirka, a 2007 kuma aka ba da rahoton ganinta a Kwaddibuwa, bayan an shigo da shanu daga Brazil. Inda ta shiga takan kore decoloratus, kuma ta yi suna wajen jure magungunan feshi. In shuɗiyar kaska ta yi yawa fiye da yadda aka saba, feshin da ke aiki a da ya daina, kafin a zargi maganin a aika kaskar ɗakin gwaji. Wasu kan ce launin ƙosasshiyar mace na nuna bambanci. Ba abin dogaro ba ne. R. annulatus kuwa ita ce wadda Theobald Smith da Frederick Kilborne suka nuna a 1893 tana yaɗa zazzaɓin shanu na Texas, har Amurka ta fara yaƙin kawar da ita a 1906.

Don auna yawansu ana ƙirga matan da tsawonsu ya kai milimita 4.5 zuwa 8 a gefe ɗaya na saniya a ninka biyu. Su ne waɗanda za su ƙoshi su faɗo cikin kwana ɗaya.

Sauran Rhipicephalus

Milimita 3 zuwa 5, ruwan ƙasa, gajeren baki, gindin bakin mai kusurwa shida, da ido da tsagogi. Mai sauƙin ganewa ita ce R. evertsi evertsi: garkuwa baƙa, ƙafafu ja-ruwan lemo ba zobba. Baligan a kewayen dubura, ƙananan can cikin ramin kunne, dabba biyu take hawa. Idan ta yi yawa a jikin 'yan tumaki yawunta kan shanye musu ƙafafu, sukan kuma warware bayan an cire ta. Tana da 'yar'uwa a Namibiya da Angola, R. evertsi mimeticus, mai zobba a ƙafa, wadda in ba a kalli gajeren bakinta ba sai a ce Hyalomma ce.

R. appendiculatus tana cika kunnen shanu a gabashi da tsakiya da kudancin Afirka, ita ke ɗaukar Theileria parva, mai sa wa shanu zazzaɓi mai kisa, da cutar tumaki ta Nairobi. Ba a san ta a Afirka ta Yamma ba, don haka ba kowace kaska ruwan ƙasa a kunne ce ita ba. Akwai nau'o'i da dama masu kama da juna, har da na kare, waɗanda sai an duba tsarin ramukan garkuwa da siffar alluna. R. bursa ta ƙasashen Bahar Rum ita ke ba tumaki Babesia ovis. R. pulchellus ta yankin Ƙahon Afirka tana da farin zane a kan baƙi, ta karya dokar cewa mai ado Amblyomma ce, amma bakinta gajere ne.

Na ƙasashe masu sanyi

Ixodes dogon baki gare ta, ba ido, ba tsagogi, ba ado. Shaidarta mafi ƙarfi a ciki take: layin da ke kewaye dubura ta gaba yake zagayowa, a sauran jinsuna ta baya. I. ricinus ta Turai da arewacin Afirka na ɗaukar Babesia divergens, I. rubicundus kuma na shanye tumaki a yankin Karoo na Afirka ta Kudu. Haemaphysalis ƙarama ce, ba ido amma da tsagogi, gaɓa ta biyu ta yatsan bakinta ta turo gefe. H. longicornis ta gabashin Asiya, wadda aka gano kan wata tunkiya a New Jersey a 2017, mace kan hayayyafa ba namiji, don haka rashin maza cikin abin da aka ɗebo shi kansa alama ce. Dermacentor tana da ado fari-fari da gajeren baki, gindin bakin mai kusurwa huɗu, gindin ƙafa ta huɗu a namiji kuma ƙato ne. Ta Turai da Asiya da Arewacin Amurka ce.

Masu laushin jiki

Ga biyu daga cikin waɗanda suka shafi dabbobin nan. Otobius megnini ƙanananta ke zama can cikin kunne watanni, fatar matashiyar da 'yan ƙayoyi, baligar ba ta shan jini sam, a ƙasa take. Dabba mai yawan girgiza kai da ɗoyin kunne a haska mata tocila a ciki. Ornithodoros savignyi kuwa ba a samunta a jiki lokacin dubawa. Cikin yashi take, ƙarƙashin inuwar da dabbobi ke hutawa a wurare masu zafi da fari, ta fito ta sha a ƙafa na ɗan lokaci ta koma. Ana nemanta ne ta hanyar tankaɗe yashin wurin.

Inda gilashin hannu ya tsaya

Gilashi mai ninki goma zai kai ka ga jinsi kusan kullum, ya kuma ba ka sunan 'yan nau'o'i masu fitacciyar siffa kamar A. variegatum da R. evertsi. Bayan nan sai na'ura da littafin ganewa na yankin da kake, domin littafin wata nahiya zai tilasta maka sunan kaskar da babu ita a wurinka. Wurin maƙalewa taimako ne kawai: in kaska ta yi yawa takan bazu inda ba ta saba ba, kuma saniya ɗaya kan ɗauki nau'i huɗu ko biyar lokaci guda, don haka kada a yanke hukunci da kaska biyu ko uku. A ɗebo daga dabbobi da dama, manya da ƙanana, a kuma sake ɗiba idan yanayi ya sauya. Busasshen jini da ɓawon fata kan lulluɓe baki su ɓoye haƙora. A jiƙa a sifirit a share da lallausan burushi kafin a ƙirga.

In gwajin jure magani ake so, ba a sifirit ake aikawa ba. Ana tara ƙosassun mata masu rai daga shanun da ba a yi wa feshi kwanan nan ba, a sa su a kwali ko roba mai 'yan hudojin iska da ɗan kyalle mai danshi kaɗan, a kiyaye su daga rana, a kai su cikin kwana ɗaya ko biyu kafin su fara zuba ƙwai, tare da sunan maganin da aka yi amfani da shi da ranar feshin ƙarshe.